Abin da Ya Hana Inna Batul Zuwa Gidanmu

Ummi, sau biyu kika tambaye ni abin da ya sa Inna Batul ta daina zuwa gidanmu, kuma duka biyun ƙarya na yi miki. Na farko kina 'yar makaranta, na ce ƙafarta ke ciwo, kuma unguwarsu, Arba wa Nus, da nisa. Na biyu ana jibi ɗaurin aurenki, na ce ai mutane suna canzawa. Kai kuwa Sadik ba ka taɓa tambaya ba, halinka ke nan tun kana ƙarami, sai dai na sha ganin kana leƙa taga ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Yanzu na tsufa, hannuna ya fara rawa idan na riƙe biro, don haka gara in rubuta muku wannan tun ina iya karanta rubutuna. Matar nan ba ta yar da ku ba. Ni na kore ta, kuma ko ɗaga murya ban yi ba wajen korar.

Ku kun san ta ne a matsayin mai zuwa ranar Juma'a da kisra, wainar nan ta Sudan mai laushi, a naɗe cikin leda, da alewa a ƙasan jaka. Kakanninta daga ƙasar Haɗeja suka taso a ƙafa za su hajji, suka yada zango a Sudan, zangon da ba a tashi ba har aka haifi uwarta aka haife ta. Hausarta irin ta tsofaffi ce, akwai kalmomin da rabona da jin su tun bakin kakata a Funtuwa, ga Larabcin Sudan ya shiga ciki ya zauna. Mijinta ya rasu a nan Alƙahira, ba ta da ɗa a raye. Da aka haife ki, Ummi, mahaifiyarku Hajara ba ta da uwa ba ta da gwaggo a ƙasar nan, ni kuma ban san komai ba sai zirga-zirga da salati. Yaya Batul, haka nake kiranta don ta girme ni da kusan shekara goma, ita ta ɗauki hutu a wurin aiki ta tare a gidanmu. Kwana arba'in tana dafa ruwan wankan jego a kan gas, tana dama kunun kanwa, har ganyen darbejiya ta samo, ban san daga ina ba a garin nan har yau. A hannunta kika fara barci mai kyau.

A wurin aiki muka haɗu da ita. Wani ma'ahadi ne mai zaman kansa a unguwar Dokki, inda ake koya wa baƙi Larabci. Da safe 'yan tallafin karatu da 'ya'yan ma'aikatan ofisoshin jakadanci ke zuwa. Da yamma kuwa namu ne, baƙar fata masu neman na kansu da rana: masu yi wa 'yan kasuwa tafinta a kasuwar Ataba, masu dako, mata masu aikin gida. Su waɗannan ba Larabci kaɗai ke kawo su ba. Takardar da ma'ahadi ke bayarwa cewa wane ɗalibinmu ne, da ita suke sabunta iƙama, wato izinin zama a ƙasa. Duk wanda sunansa ba ya cikin na'urarmu ba shi da takarda, wanda ba shi da takarda kuwa kullum gabansa na faɗuwa idan ya hango ɗan sanda. Yaya Batul ce ke shigar da sunayen 'yan yamma. Ta san kowa, ta san mai ciki da mai rashin lafiya da wanda maigidansa ke hana shi zuwa aji.

Ni kuma na'urar ce a hannuna. Baƙa ce, tsayinta kamar firji, tana zaune a wani ɗaki mai sanyi ita kaɗai, a ofisoshi kuma sai allunan nan baƙaƙe masu koren rubutu. Ba ta da kyan gani, amma shekara da shekaru ba ta taɓa mutuwa ba. Wani dattijo Bamisre, Ustaz Girgis, shi ya tsara komai a cikinta, shi kuma ya ɗauke ni lokacin da karatun da ya kawo ni Masar ya ƙare na rasa abin yi. Ya koya mini da haƙuri, yana shan shayi yana nuna allo da bakin biro. Da ya yi ritaya aka bar mini ɗakin da makullinsa. Daga ranar nan mai gadi ya fara ce mini “ya bashmuhandis”, wato babban injiniya, sai masu shara suka ɗauka, sai malamai. Ban taɓa taka ƙofar makarantar injiniya ba, amma ban taɓa gyara wa kowa ba. Sunan ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata. Har tafiyata ta canza, mahaifiyarku ta ce na fara taku kamar wanda aka ba sarauta.

A shekarar da nake ba ku labari, kina aji uku na sakandare, Ummi, Mudir, wato shugaban ma'ahadi, ya ce zamanin baƙar na'ura ya wuce. Ya yi yarjejeniya da wani kamfani da zai kawo sabon tsari na intanet. Mutanen kamfanin su biyu suka zo da kwat da turare, suka leƙa ɗakina kamar masu kallon kayan tarihi. Abu ɗaya suke so daga gare ni: in fitar musu da duk abin da ke cikin na'urar a matsayin rubutu zalla, kowane ɗalibi layi guda, da waƙafi tsakanin suna da ƙasa, tsakanin ƙasa da lambar fasfo, haka har ƙarshen layi. Irin wannan fayil kowace kwamfuta tana iya karanta shi. Sai in na ba su, in sa hannu cewa komai ya fito, sannan a goge tsohuwar a sayar.

Aikin ba wani mai wuya ba ne. Umarni ɗaya ne kake bugawa, sai allo ya buɗe maka gurabe kana cikewa: wane fayil, a wace ma'ajiya yake, ina za a ajiye sabon, da wace alama za a raba bayanai. Abin da ya ba ni wuya shi ne haruffan Larabci. Duk lokacin da na fitar, sunaye sai su koma tarkacen alamomi, babu mai iya karantawa. Kwana uku ina fama, ina canza lambar da ke gaya wa na'ura irin haruffan da za ta yi amfani da su. A rana ta huɗu, wajen sha ɗaya na safe, na buɗe fayil na ga sunaye sun fito tsaf, daga dama zuwa hagu, waƙafi kowanne a wurinsa. Mutanen kamfanin suka tafa mini, ɗayansu ya ce:

“Allah yinawwar, aiki ya yi kyau, ya bashmuhandis! A wasu wuraren sai mun yi wata guda a kan wannan.”

Kaina ya kumbura har ban ga ƙofa ba.

To, a cikin guraben nan akwai guda ɗaya da ban ko kalla ba. A irin wannan na'ura, fayil ɗaya yana iya zama kamar riga mai aljihu biyu ko fi, suna ɗaya, ɗinki ɗaya, amma abin da ke cikin kowane aljihu daban. Kowane aljihu mamba muke ce masa. Umarnin yana tambayarka wane mamba kake so, idan ba ka ce komai ba sai ya ɗauki na farko kawai ya yi shiru. Ba ya gargaɗi, ba ya cewa akwai saura. Shi kuwa Ustaz Girgis, tun lokacin da aka buɗe ajin yamma, ya sa 'yan yamma a mamba na biyu don kada masu shigar da suna na safe da na yamma su riƙa cin karo. Idan Yaya Batul ta shiga da lambarta, tsarinsa shi ke juya ta can ba tare da ta yi komai ba. Ya gaya mini wannan a shekarata ta farko, har na rubuta a wani ɗan littafi mai jan bango. Littafin yana cikin aljihun tebur ɗina a ranar, ƙarƙashin kwalin shayi.

Ana cikin tafin nan sai ga Yaya Batul a bakin ƙofa, da mayafinta na Sudan da tabarau a rataye a wuya. Ta yi mini magana da Hausa, a hankali.

“Habibu, barka da aiki. Don Allah buga mini nawa a takarda in duba. 'Yan yamma.”

“Yaya, komai ya fito. Khalas, an gama.”

“Na ji. Amma marigayi Girgis yakan ce nawa a ɗakinsu suke daban. In gani da idona, hankalina ya kwanta.”

Da mu biyu ne a ɗakin, na tabbata da na duba, minti biyu ne. Amma ga baƙi masu kwat suna kallo, suna jin wata tsohuwa mai buga suna tana tambayar bashmuhandis da yaren da ba su sani ba. Sai na ji kamar ta zubar mini da girma. Na yi dariya, na ce da ita:

“Yaya, ke aikinki buga suna. Cikin na'ura ki bar wa masu shi. Zamanin Girgis ya wuce.”

Ta dube ni, ta ce “tamam, shi ke nan”, ta juya. Da la'asar na sa hannu a takardar. Bayan mako biyu aka goge na'urar, wasu 'yan gwangwan suka zo suka saukar da ita ta matakala suna nishi. Kafin a goge na kwashe komai a kaset na ƙarshe, irin ɗan kaset ɗin ajiya mai faɗin tafin hannu, kamar yadda Girgis ya saba. Na rubuta masa suna na jefa a aljihun tebur.

Wata biyu ba abin da ya faru, don hutu ake yi, kuma 'yan safe aka fara ɗorawa a sabon tsarin. Sai lokacin sabunta iƙama ya zo. Ranar wata Lahadi na hau bene na tarar da baranda cike da namu, maza da mata, kowa da fasfo a hannu. Magatakarda yana buga suna, sabon tsarin yana cewa babu. Ya buga na biyu, babu. Wata mata 'yar Damagaram da goyo tana cewa shekara huɗu tana zuwa ajin nan, yaya za a ce ba a san ta ba. Na tsaya a kan matakala ina jin su. Na shiga ɗakina na rufe ƙofa, na ciro takardar da na'ura ta buga ranar da na yi aikin. Ga shi nan a layi na uku, gurbin mamba, an rubuta na farko. Na ɗaga kwalin shayi na buɗe jan littafi, ga rubutun hannuna na saurayi: 'yan yamma, mamba na biyu, kada ka manta.

Ina so ku fahimci wannan da kyau, don a nan laifin yake. Mantuwar ba ita ce abin kunyar ba, kowane ma'aikaci yana mantuwa. Kuma gyaran yana cikin aljihun tebur ɗina. Akwai kamfanoni a garin nan masu irin na'urar, da na kai kaset an karanta, kwana biyu an gama. Abin da kawai zai ci shi ne in tsaya gaban Mudir in ce ni na yi kuskure. Na zauna da kaset ɗin a hannu kusan rabin awa. Da aka aiko kirana, sai na sa shi a aljihun wando.

A ofishin Mudir akwai shi, da mutum ɗaya na kamfanin, da Yaya Batul a tsaye kusa da taga. Mudir mutum ne mai saurin fushi, fuskarsa ta yi ja. Na kamfanin ya riga ya wanke kansa, ya ce abin da aka ba su shi suka ɗora. Mudir ya juyo gare ni.

“Ya bashmuhandis, tambaya ɗaya. Abin da ke cikin na'urar ya fito duka ko bai fito ba?”

“Duk abin da aka shigar ya fito, ya fandim, ranka ya daɗe.”

Haka na ce, da Larabci mai kyau, murya ba ta ko rawa. Ban ambaci sunan kowa ba. Ban buƙaci in ambata ba, don mutum ɗaya ke shigar da 'yan yamma, kuma duk idanu suka koma taga. Mudir ya fara faɗa, yana cewa ashe shekara da shekaru ana biyan mutum yana zaune yana hira da ɗalibai, takardu na taruwa a kabad. Ita ba ta kalle shi ba, ni take kallo. Ta yi magana da Hausa, don kada su ji, don ta bar mini hanyar da zan gyara da kaina.

“Habibu. Faɗa musu.”

Na amsa mata da Larabci. Na ce ma'alish ya hajja, wato yi haƙuri hajiya, kowa yana kuskure, shekaru ne. Na ga lokacin da maganar ta same ta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi rantsuwa ba, ta dai cire tabarau daga wuya ta riƙe a hannu kamar ta rasa inda za ta ajiye. Mudir ya tambaye ni ko akwai kaset na ajiya. Na ce an sake yin rubutu a kansu kafin a sayar da na'urar, babu abin da ya rage. Ina faɗa ina jin gefen kaset ɗin yana tokare mini cinya.

Mudir ya ce ta tattara kayanta a ranar. Sai ta roƙi abu ɗaya: a bar ta zuwa ƙarshen wata ta shigar da 'yan yamma daga takardun rajista, don kada iƙamarsu ta mutu. Ya yarda don ba shi da wata dabara. Mako uku ta yi tana bugawa a sabon tsarin da ba ta saba da shi ba, da yatsa biyu, tana kusantar da fuska ga allo. Bango ɗaya ne tsakanin ofishinta da nawa, ina jin ƙarar madannai tun safe har la'asar. Kullum sai na ce yau zan tashi in shiga wurin Mudir, kullum sai in sami dalilin bari sai gobe. Mai gadi yana kawo mini shayi yana cewa ya bashmuhandis, ina karɓa. Duk 'yan yamma suka sami takardunsu, har matar Damagaram. Ranar ƙarshe Yaya Batul ta wanke kofinta ta sa a jaka, ta bi ofis ofis tana sallama. Da ta zo ƙofata ba ta tsaya ba. Mace mai shekara kusan sittin, baƙuwa, da sunan wadda aka kora don ha'inci, babu ofishin da zai sake ɗaukarta, kuma babu wanda ya ɗauka.

Kaset ɗin na kawo shi gida na tura saman kabad, bayan akwatin manyan riguna. Ban iya jefar da shi ba, ban san dalili ba. Juma'a ta farko ta wuce ba ta zo ba, ta biyu ma haka. Mahaifiyarku ta hau mota ta tafi Arba wa Nus, ta dawo da yamma ba ta ce mini komai ba sai sannu da gida. Bayan kwana biyu, kuna makaranta, na dawo cin abincin rana na tarar da kaset ɗin a kan faranti, a inda tuwo ya kamata ya kasance. Ashe ta yi kwalima ta ci karo da shi, kuma ta iya karanta rubutuna.

“Malam, wannan ne wanda ka ce wa Mudir an goge?”

“Hajara, ba ki san yadda aikin nan yake ba.”

“Ban sani ba. Amma na san wadda ta dafa mini ruwa kwana arba'in. Ita ba ta ce mini ka yi ƙarya ba, ka ji? Cewa ta yi, ƙanena ya ji tsoro. Wallahi da zaginka ta yi da ya fi mini sauƙi.”

Na ce idan na faɗa yanzu ni za a kora, ga ku kuna karatu, ga iƙamarmu duka a kan aikina take. Gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba, ita ma ta sani. Ta ce:

“Ta hana ni gaya wa yara. Ta ce uba ne, kada su ji ta bakin wani su raina shi. Kuma ta ce ba za ta sake taka gidan nan ba sai ka yi magana, don ba za ta iya cin abinci tana kallonka tana yi wa yara dariyar ƙarya ba. To ni ma na yi shiru, Malam. Amma ka sani nauyin a kanka yake.”

Ta ɗauke kaset ɗin ta mayar saman kabad da kanta, ta kawo tuwo. Tun daga ranar ba ta sake kirana bashmuhandis ba ko da wasa. Duk ƙarshen wata takan ce za ta unguwa, ta ɗauki leda ta fita. Ban taɓa tambayarta wace unguwa ba.

Shekara goma sha ɗaya haka. Mudir ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da ma'ahadin, na yi ritaya aka ba ni agogon bango da takardar yabo. Wanda zan je in faɗa wa gaskiya a ofis ya ƙare, na kuma riƙa gaya wa kaina cewa magana ta wuce. Ranar aurenki, Ummi, na ga kina waiwayen ƙofa. Sai bara da kika haihu, muna zaune a falonki ana shawarar suna, kika ce:

“Da Batul zan sa mata. Amma matar da ta yar da mu kamar ba ta taɓa saninmu ba, ban ga dalili ba.”

Mahaifiyarku ta ɗago ta dube ni. Ga jaririya a hannuna, ga dama ta zo har cinyata. Na ce Allah ya raya, duk sunan da kuka zaɓa mai kyau ne. Aka raɗa mata wani sunan. A cikin duk abin da na aikata, wannan ya fi ci mini rai, don a ranar babu Mudir, babu aikin da za a kore ni, babu iƙamar da zan fake da ita. Tsoron idonki kawai na ji.

Bayan wata guda na sauko da kaset ɗin na goge masa ƙura, na hau ƙaramar bas zuwa Arba wa Nus da hantsi. Ban taɓa zuwa ba, sai da mahaifiyarku ta kwatanta mini. Na same ta a bakin wani lungu, a kan ɗan benci, gabanta murhun gawayi da butoci, tana sayar wa 'yan Sudan shayi da kofi. Abin da take yi ke nan tun barinta ofis. Ta rame, idonta ɗaya ya yi fari. Na yi sallama, ta gane muryar kafin ta gane fuskar.

“Habibu ne? Zauna, ya zol. Ka tsufa.”

“Ya zol”, haka 'yan Sudan ke kiran mutum. Ta zuba mini shayi da na'ana'a, ta tambayi Hajara, ta tambayi Sadik, ta tambayi mai jego da jaririya, har ta san nauyin da aka haife ta da shi. Na kasa sha. Na ciro kaset ɗin na ajiye a kan bencin, na ce ga shi, duk 'yan yamma suna ciki, ba a taɓa goge shi ba, ni na bar gurbin mamba, ni na yi ƙarya. Ta ɗauka ta jujjuya shi kusa da idonta mai gani, sai ta yi 'yar dariya.

“To me zan yi da shi? In dafa? Na'urar ta tafi, Mudir ya tafi, 'yan yamma kowa ya kama gabansa. Ni na san na shigar da su, ba sai kaset ya gaya mini ba.”

“Yaya, ki yafe mini.”

Ta gyara gawayi da ɗan ƙarfe, ta ce:

“Aikin ban damu da shi ba yanzu, Allah bai bar ni da yunwa ba. Amma yarinyar da na wanke da hannuna ta yi aure ban gani ba, ta haihu ban ɗauka ba, kuma tana can tana cewa na yar da ita. Wannan kai ka ɗauke mini, kai za ka dawo mini da shi. Ka gaya musu. Duka, ba rabi ba.”

Na ce zan gaya muku. Na miƙe zan tafi, ta miƙo mini kaset ɗin, ta riƙe gefensa ba ta saki ba sai da na dube ta.

“Kuma da Hausa, Habibu. Ranar nan da Hausa na roƙe ka.”

Shi ya sa wannan wasiƙar ban rubuta ta da Larabcin da kuka fi saurin karantawa ba. Na yi niyyar faɗa muku da baki, sau uku ina zuwa gidanki, Ummi, ina shan ruwa ina tashi. Ku yi haƙuri da uban da Allah ya ba ku, a takarda kawai ya iya. Ba ta ce ta yafe ba, kuma ban ga laifinta ba. Kaset ɗin yana saman kabad, duk wanda ya so ya gani ya hau kujera ya duba.

Idan kun sauka a tashar ƙarshe, ku bi titin da ke hannun hagu, ku wuce mai gyaran taya, lungu na biyu. Ranar Juma'a ba ta fitar da butoci, tana gida, ƙofa mai shuɗin fenti. Ki tafi da yarinyar, Ummi. Idan kuna so in raka ku zan raka ku, in nuna muku ƙofar, ni in tsaya a waje.